Madubin da Na Ɗaura wa Halilu Maharbi

A ƙauyenmu, can kan hanyar Dungas in ka baro Magariya, ba a cewa Halilu kawai sai an ƙara da "maharbi", ko da yake rabon da a ga barewa a ƙasar nan tun ban san hannun damana ba. Shi kam ya gan su. Ya ga barewa, ya ga gada, ya ga tuji yana taƙama a cikin gamba. Ubansa Sarkin Baka ne, da kwari da baka ya ciyar da mata uku da 'ya'yansu, kuma a hannunsa Halilu ya koyi karatun sawu da sanin inda iska ke kaɗawa.

Dajin a gaban idonsa ya ƙare. Ba gobara ce ta cinye shi ba, mu ne. Kowa ya haifi goma sai ya sare sabara ya ƙara gona, har gonakinmu suka haɗe da na ƙauyen gaba, babu ko inda zomo zai raɓe ya haihu. Manyan namun suka yi arewa ko suka shiga tukunya. 'Yan'uwan Halilu suka watse, wani ya koma dako a Kano, wani ya zama mai gadi a Damagaram. Shi kaɗai ya ƙi motsi, wai ba zai bar sana'ar ubansa a ƙasa kaji su taka ba.

Abin da ya rage masa shi ne kurege. Wanda bai taɓa noman gyaɗa ba zai yi dariya, amma mu ba ma dariya. Ranar da ruwan shuka ya sauka ka binne irinka, washegari kurege zai bi layin nan rami-rami yana tonewa, kai ka ce tare kuka shuka. Gona guda sai ya mayar da ita sanƙo cikin kwana uku. Saboda haka tun zamanin kakanni akwai abin da ake kira damin baka a garinmu: maharbi ya tsare gonaki daga shuka har tsiro ya yi ƙarfi, in kaka ta yi kowane gida ya aika masa da damin gero guda. Ba sadaka ba ce, ba kuma wanda yake jin ya yi masa alfarma. Da wannan damin Halilu da matarsa Inna Tabawa suke kai shekara, domin 'yar gonarsu ko rabin rumbu ba ta cikawa.

Da fari da bindigar gargajiya yake aiki, irin wadda ake ɗura wa albarushi ta baki. Daga baya jandarmomi, jami'an tsaron karkara, suka matsa wa masu irinta, shi ma ya ga asarar ƙona albarushi a kan abin da bai kai tafin hannu biyu ba, sai ya koma bindigar iska, wadda ake karyawa biyu a saka mata ƙwayar dalma. Ya naɗe gindinta da jar fata, ya ɗinke layun ubansa a ciki. Dokokinsa biyu ne, kuma ko mai gari bai isa ya karya su ba. Ba wanda zai ɗora bindigarsa a kafaɗa sai shi. Sannan ba a tsayawa a bayansa in yana saiti, wai inuwar mutum tana ɗauke wa maharbi sa'a. In kana son kallo, ka tsaya can gefe, ka kuma kama bakinka.

Mutum ne mai ƙarancin magana da yawan tsaki. Ba ya zaman dandali, ba ya cin goro, kuma ban taɓa ganinsa da riga marar kyau ba ko da tsohuwa ce. In ya dawo da yamma da kuregu bakwai ko takwas a rataye, sai ya bi gida-gida ya miƙa wa tsofaffin matan da ba su da mai kawo musu nama. In an yi masa godiya ya ce, "Gyaɗarku ce ya ci, kayanku ne ya dawo."

Ni ne Rilwanu. A ƙauyen aka haife ni, amma a kasuwar Magariya nake da rumfa, ina gyaran keken ɗinki da injin ban-ruwa. Na yi lakwal, wato makarantar boko, shekara shida, ina kuma da salula mai nuna hoto, kuma waɗannan biyun sun ishi mutum ya ɗauki kansa malami a kan abin da bai sani ba. Na faɗi wannan tun yanzu don kada a ce na ɓoye.

Shekara uku da suka wuce hannun Halilu ya fara saɓawa. Ba nesa ce ba ya iya gani ba, domin yana hango kurege a kan suri tun kafin saurayi ya hango. Ɗan ƙarfen saiti na bakin bindiga ne ya fara yi masa biyu-biyu, irin abin da ke sa tsohuwa ta nemi mai zura mata zare a allura. Da can wannan ba zai dame shi ba, sai ya lallaɓa bayan sabara har ya matso taku goma. Yanzu ina sabarar? Fili ne fetal, kurege na ganinka tun daga taku hamsin, ya miƙe tsaye a bakin raminsa yana kallonka, in ka ƙara taku ɗaya ya shige. Dole sai harbin nesa. A daminar nan gonaki da yawa sai da aka sake shuka.

Nan Abdulwahab ya samu bakin magana. Shi ne shugaban ƙungiyar manoman garin, ba mugun mutum ba ne, amma irin mutanen nan ne da in sun ga abu a leda mai rubutu sai su ɗauka daga sama aka saukar da shi. Ya kawo shawarar a daina damin baka, a sayo gubar ɓera daga tsallaken iyaka a cuɗa da tsaki a zuba bakin ramuka. Dattawa suka ce a'a, ba a yi wa ɗan Sarkin Baka haka. Aka yi ta ja, daga ƙarshe aka tsaya a kan cewa za a ba shi damina ɗaya. In ya tsare gonaki, dami na nan. In ya kasa, shi ke nan.

Ana saura kamar mako uku ruwa ya sauka, ranar kasuwa, sai ga shi a bakin rumfata da bindiga a naɗe cikin buhu. Ya zauna a benci, muka gaisa, ya ciro wani dogon kwali daga aljihun 'yar-shara ya ajiye a kan teburina. Madubin bindiga ne, irin wanda ake ɗaurawa a sama a leƙa ta ciki, abin nesa ya matso kusa. Tunkiyar Inna Tabawa aka sayar, wani direba ya sayo masa a Kano.

Ya ce, "Rilwanu, an ce kai ne mai hannu a kan ƙananan notina. Ɗaura mini wannan."

Na ce, "Baba, ai ka zo gida. Kafin la'asar ka ga aiki."

Ban taɓa ɗaura irinsa ba. Amma na shiga salula na kalli wani bature yana yi, sau biyu, na ga abin ba wuya. Zobba biyu ne ake matsewa a bayan bindiga, a kwantar da madubin a ciki, a ɗaure. A cikin madubin akwai layi biyu sirara, ɗaya a tsaye ɗaya a kwance, sun gitta juna a tsakiya, sannan akwai ɗige-ɗige a jikin na tsayen daga ƙasa, don harbin nesa. Baturen ya nanata abu ɗaya: kada madubi ya karkace. Layin tsaye ya zama a tsaye cak, daidai da bindiga, in ba haka ba harsashi zai riƙa zamewa gefe.

Tun da ba a ɗora bindigar Halilu a kafaɗa, sai na ce ya saka ta da hannunsa a cikin ƙarfen matsi na teburina, na sa tsumma na matse. Na je wurin wani magini na aro nibo, ɗan ma'aunin nan mai ruwa da kumfa a ciki wanda ake gane miƙewar gini da shi. Na ɗora a bayan bindigar, na yi ta gyara har kumfar ta zauna a tsakiya. Sannan na ɗaure dutse a bakin zare na rataya a reshen dalbejiyar da ke gaban rumfa, na jira ya daina lilo. Na sunkuya na leƙa, ina juya madubin a hankali cikin zobbansa, har layin tsaye ya hau kan zaren ya rufe shi. Na ɗaure notinan ɗaya bayan ɗaya, kaɗan nan kaɗan can, don kada ya goce. Na sake dubawa. Wallahi aikin ya yi kyau, har yau ba na musun wannan. Mutane sun taru suna kallo, kaina ya yi girma.

Na kwance bindigar na ce ya gwada. Kowa ya matsa gefe kamar yadda aka saba, ni ma na tsaya ta hagunsa. Ya ɗora a kafaɗa, ya leƙa, sai na ji ya ja numfashi. Ya ce yana ganin ƙudan da ke kan buhun dabino a wancan layin. Fuskarsa ta saki, abin da ban taɓa gani ba. Can kuma sai ya yi tsaki.

"Mararrabar nan a karkace take."

Layukan nan biyu yake nufi. Na ce ba zai yiwu ba. Ya sauke, ya sake ɗorawa, ya ce, "A karkace take, ɗana. Kanta ya kwanta dama. Sassauta ka ɗan murɗa mini ita."

Da ni mai hankali ne, da na sassauta na murɗa, aikin minti biyu. Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo. Amma ga jama'a a tsaye, ga magini da ya biyo kayansa yana kallo, sai na ji kamar an ce ban iya ba. Na sa ya mayar da bindigar cikin matsi, na ɗora nibo, na ce ya leƙa zaren da ke rataye.

"Yaya ka gani, Baba?"

"Nan kam a miƙe take."

"To ka gani. Zare da dutse ba sa ƙarya, ruwa ma ba ya ƙarya. Bindiga daidai, madubi daidai."

"To me ya sa in na ɗauka take kwanciya?"

Jaki ma da aka yi wa wannan tambayar da ya tsaya ya yi tunani. Ni ban tsaya ba. Na ce, "Baba, ka yi haƙuri, idon ne. In ido ya fara gajiya haka yake nuna wa mutum abu a karkace. Kada ka kula da ita, kai dai ɗora tsakiyar a kan abin da kake so."

Ya kalle ni. Na zaci zai yi faɗa, don mutum ne da ba a gaya masa magana a kan bindigarsa. Sai kawai ya sa bayan hannu ya murza idonsa na dama, ya ce, "Haka ne. Kai ka yi karatu."

Muka zaga bayan rumfa inda akwai ɗan fili, bai fi taku ashirin ba daga bango zuwa bango. Na kafa gwangwanin tumatir. Yana harbi ina murɗa 'yan maɓallan madubin, har ƙwaya ta riƙa shiga tsakiya. Sau biyar a jere ya huda gwangwanin nan. Na nuna masa ɗige-ɗigen ƙasa, na ce in abu ya yi nisa, harsashi yana faɗuwa, sai ya sauko ɗigo na biyu ko na uku ya ɗora a kansa. Ban ce mu fita bayan gari mu gwada taku hamsin ba. Rana ta yi, ina da keken wani tela a buɗe, kuma a ganina an gama.

Ruwa ya sauka daren wata Laraba, aka yi shuka Alhamis da Juma'a. Ranar Asabar da hantsi na hau kabu-kabu na tafi ƙauye, don in ga aikina yana ci. Na tarar da mutane sun fi ashirin a gefen gonar Abdulwahab, har da dattawan da suka tsaya wa Halilu. Ba wanda ya kira taron, amma kowa ya san abin da ya kawo shi.

Kurege ya fito ya hau suri, taku arba'in da wani abu, ya miƙe tsaye yana riƙe da ƙwayar gyaɗa. Halilu ya durƙusa, ya ɗora, ya daɗe yana saiti. Bindiga ta yi tas. Ƙasa ta tashi a gefen kuregen, ta dama, kamar yatsa uku. Ko gudu dabbar ba ta yi da sauri ba. Aka jira wani ya fito, aka sake, ƙasa ta sake tashi a dama. Na uku ma haka. A na huɗu wani saurayi ya ce, "Baba, ko dai gaisawa kuke?" Aka yi dariya, wani dattijo ya daka masa tsawa, amma an riga an yi.

Sau tara ya harba a ranar, ɗaya ya samu, shi ma don ya fito kusa ne. Da ya miƙe sai ya zo wurina, gwiwoyinsa duk jar ƙasa. Na zaci zai ce madubina ne. Ya ce, "Ka yi gaskiya, Rilwanu. Idon ya tafi."

Na ce Allah ya sawwaƙe. Har cikin raina na ji tausayinsa, na kuma ji daɗin cewa ba a ɗora wa aikina laifi ba. Wannan jin daɗin shi ne abin da na fi jin kunyarsa a rayuwata.

A makon nan aka zuba guba a gonaki, ba a ma jira ƙarshen daminar da aka yi masa alkawari ba. Kuregu suka mutu, gaskiya ne. Zabin gida ma suka mutu, da shaho, da karnuka biyu. Na koma Magariya na ci gaba da sabgogina.

Bayan kamar wata biyu da rabi, gero ya fara fitar da kai, aka kira ni gyaran keke a shagon Mohamman tela, wani tsoho da ya fi shekara arba'in yana ɗinki a bakin tasha. Ina kwance kan keken yana hira, sai na ga wata shuɗiyar riga a rataye, kafaɗarta ɗaya ta fi ɗaya tudu. Na tsokane shi na ce, "Baba Mohamman, tsufa ya kama almakashi ne? Wannan ai a karkace take."

Ya ce, "Kai dai gyara ƙarfenka. Ta mutumin garinku ce, Halilu maharbi, tun kafin azumi ya kawo bai dawo ya karɓa ba. Ba rigar ce a karkace ba, mai ita ne."

Na ajiye abin da ke hannuna.

Ya ce ai tun suna samari, a wani bikin naɗin sarauta, Halilu ya cika wa bindigar gargajiya albarushi don tasa ta fi ta kowa ƙara. Ta yi ƙara kuwa, ta kuma karya masa ƙashin wuya na dama. Maɗori ya ɗora, ya warke, amma kafaɗar ta sauka da yatsa uku, ba ta sake komawa ba. "Ba ya son a sani. Ni nake ninka ƙyalle in cusa a wannan gefen, in rage tsawon wancan. In ya saka sai ka gan shi a miƙe kamar kowa. Shekara arba'in ina yi masa haka, ko matata ban gaya wa ba. Kai ma don ka zagi almakashina ne."

Ban san yadda na gama haɗa keken nan ba. Abin ya fito mini fili gaba ɗaya. Kafaɗa a sauke, gindin bindiga yana zama a cikinta a kwance, bindigar tana jingina dama. Haka yake riƙe ta tun kafin a haife ni, hannunsa da idonsa sun saba, suna cike giɓin ba tare da ya sani ba. Ba wanda ya taɓa lura, domin daga baya ne kawai ake ganin karkatar bindiga, kuma ba a tsayawa a bayansa. Ni kuwa na daidaita madubi da bindigar da ke cikin matsi, bindigar da ba kafaɗar kowa a jikinta. Da ya ɗauka, layin tsaye ya kwanta tare da ita. A taku ashirin ba a gane komai. Amma da ya sauko ɗigo na uku kamar yadda na koya masa, ɗigon ba a ƙarƙashin tsakiya yake ba, ya goce, sai harsashi ya tafi dama. Abin da ya gani ranar nan a rumfata gaskiya ya gani. Idonsa ya faɗa masa daidai, ni na ƙaryata shi a gaban mutane.

Washegari da sassafe na ɗauki ɗan makullin notinan na hau kabu-kabu. A hanya ina ta lissafin yadda za a yi: in sassauta, ya ɗora a kafaɗa, in murɗa har ya ce ta miƙe, mu fita fili mu gwada. Kaka ba ta yi ba tukuna. In ya kashe kuregu goma a gaban dattawa, ga kuma haushin zabin da suka mutu, wataƙila a dawo da dami.

Inna Tabawa na tarar a tsakar gida tana tankaɗe. Ta amsa gaisuwata ba ta ɗago ba, ta nuna mini rumfar kara da haɓa. Yana zaune a kan buzu, ya rame, ya yafa rawani ya rufe rabin fuska.

Na durƙusa na gaishe shi, na ce, "Baba, na zo in gyara madubin nan ne. Akwai abin da na gano."

Ya ce, "Tabawa, miƙo masa."

Ta ce, "Ni in taɓa bindigarka?"

"Miƙo masa, ba komai yanzu."

Ta ɗauko ta daga ɗaki, duk ƙura. Na sassauta notinan, na ce ya ɗora a kafaɗa, na kuma roƙe shi ya yarda in tsaya a bayansa sau ɗaya. Ya ce in tsaya inda na ga dama. Na zaga baya, ya janye rawanin ya ɗora bindigar. Ga ta nan kuwa, a jingine dama, ko makaho ya shafa zai gane. Na kama madubin na fara juya shi hagu a hankali.

"In ta miƙe ka ce mini, Baba."

Shiru. Na ƙara juyawa. Shiru. Na juya har na wuce inda ya kamata, na dawo.

Ya ce, "Ka fara ne?"

Na zagayo gabansa. Idon dama ya kumbura ya yi fari fat, yana ruwa, ba baƙi a cikinsa ko kaɗan.

Inna Tabawa ce ta ba ni labari, tana tsaye da rariya a hannu. Bayan abin da ya faru a gonar Abdulwahab, an ce masa likitocin ido suna zuwa Damagaram in sanyi ya shiga. Ya ce kafin sanyi an gama rabon dami. Sai ya ji labarin wani baƙo mai bin kasuwanni yana cire yanar ido da allura. Ta hana shi, ta yi kuka, ya ce yaron da ya yi karatu ya auna ya tabbatar idon ne, zaman me zai yi? Ya je. Mutumin ya duba ya ce yanar ido ce, ya soka allura. Kwana biyu yana ganin haske, a na uku ciwo ya taso, mako guda bai runtsa ba. Da aka koma kasuwar, baƙon ya yi gaba.

Ta ce, "Na hagun ma yanzu ya fara yi masa hazo." Ta koma kan tankaɗenta.

Na so in tashi in tafi da bakina a rufe. Wa zai sani? Amma na kasa. Na faɗa masa duka, da rigar, da kafaɗar, da ɗigo na uku. Na ce, "Baba, ranar nan idonka lafiya lau yake. Mararrabar a karkace take kamar yadda ka ce. Ni ne ban sani ba, na kuma ƙi ji. Ka yafe mini."

Ya kwantar da bindigar a kan cinyarsa. Ya riƙa shafa jar fatar da babban yatsa. Na fi son ya zage ni, ko ya ɗaga gindin bindigar ya buga mini. Bai yi ba.

Can ya ce, "A gonar Abdulwahab, ina ƙasar take tashi?"

"Ta dama, Baba."

"Da nawa?"

"Kamar yatsa uku."

Ya gyaɗa kai. "Na ji a jikina. Tun harbi na biyu hannuna yake so ya ja hagu, ina hana shi. Na ce masa, kai tsaya, yaron nan da ruwa ya auna."

Ya miƙa bindigar gefe, Inna Tabawa ta zo ta karɓa ta mayar ɗaki. A kakar nan gida huɗu ne suka aiko masa da dami, su ma da magariba suka aiko, a matsayin sadaka. Ya sa aka mayar musu.